Sunan Bay Doncho

Da almuru Tsvetana ta kai wa mijinta Radoslav banitsa, gasasshen burodi mai cuku, da zafinta ofis, a wani tsohon bene a birnin Plovdiv. Kowa ya tashi sai shi. A ƙofa hoton marigayi Doncho yana manne, dattijon da ya koya masa aiki, wanda ake kira Bay Doncho don girmamawa. Ba a yi arba'in ɗinsa ba tukuna.

Doncho ne ya rubuta 'yar manhajar da ke karanta saitin rukunin na'urorin kamfanin, ta fitar wa kowace manhaja fayil ɗin tsarinta. A saitin akwai gurbin sunan mai kula da aikin, kuma har yanzu sunan Doncho ne a ciki. Kowa ya san ba a taɓa kayan mamaci kafin arba'in, don yana nan yana zagaya wuraren da ya saba. Amma Tsvetana ta matsa wa mijinta a kan ya sa nasa sunan a gurbin, ko maigidansu na ofis ya gani ya ba shi kujerar Doncho.

"Tsveti, zo ki ga aikinki," in ji Radoslav cikin raɗa. "Na goge shi daga saitin. Babu shi ko'ina."

Ya danna. Sabon fayil ya fito. Mai kula: Doncho.

"Ko gajiya ce, Rado? Ci abinci."

"Ni da na'urar duka muka gaji?"

Sai ƙanshin banitsa ya ɗauke. Warin kyandir da dafaffiyar alkamar sadakar mamaci ya cika ɗakin. Fankokin na'urori suka yi tsit.

Kujerar Doncho ta yi ƙara, ta lotsa.

Wani layi ya ƙaru a fayil ɗin, ba wanda ya taɓa komai. Wanda ya cire ni:

Harafi ya fito. T.

Sannan s.

Sanyi ya sauka a wuyanta kamar tafin hannu. Doncho ne fa, mutumin da ya yi rawa a bikinsu.

"Bay Doncho, ni ce," ta ce, kanta a ƙasa. "Ba ruwansa. Ka yafe."

Radoslav ya mayar da sunan. Fankoki suka tashi. Suka sauka bene ba su waiwaya ba.

Wani daban aka ba kujerar. Ranar arba'in Tsvetana ta dafa alkama ta kai wa matar Doncho. Tsohuwar ta rungume ta tana cewa, "'Yata mai kirki." Tsvetana ta kasa ɗaga ido.