Layin da Baba Ya Zagaye da Jan Biro

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, durƙushe yake a ɗakin gwaji gaban wata kwamfuta da ta sume, kofin shayi a hannu ɗaya, ɗayan yana dukan madannai kamar su suka yi masa laifi.

"Malam, ba da duka ake tashinta ba," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta, shayin ya tuntsure masa a wando. Daga nan fa aka fara.

Aiki ɗaya aka haɗa su. Manhajar da ke tsara wa faifan ajiya layi, wace buƙata za a fara biya, wace za ta jira, ita ce ba lafiya. Kowace buƙata tana riƙe da wani ɗan kundi, kuma akwai ƙidaya: wanda ya kama a ƙara ɗaya, wanda ya saki a rage ɗaya, in ta kai sifili a share kundin. To, ƙidayar ta ƙi kaiwa sifili. Kundaye sai taruwa suke, bayan sati uku ƙwaƙwalwar na'ura ta cika, ta faɗi.

Wata guda suka yi kujera da kujera suna bin sawu. Ita layi-layi take karanta rubutun manhajar. Shi kuwa har ta raɗa masa Sarkin Gaggawa, ya kuma amsa.

"Fitilata, yau na karanta layi dubu, amma murmushinki na safe kaɗai ya zauna min," ya rubuto mata wata rana.

"Ka ji ka da daɗin baki. Ka ci abinci kuwa?"

Ta san ta kamu, ba ta kuma yi gardama da zuciyarta ba.

Dogo ne ya gano ciwon manhajar. In aka haɗe buƙatu biyu suka zama ɗaya, wadda aka haɗiye ba ta sakin riƙonta. Layi ɗaya aka manta, tun shekara goma sha biyar da suka wuce. Cikin zumuɗi ya rubuta faci, wato ɗan gyaran manhaja, ya aika zauren masu manhajar na intanet inda kowa ke karantawa, ya ƙara da cewa: "Wanda ya rubuta wannan sashe, a mayar da shi aji ɗaya ya koyi ƙirga."

Da Auta ta karanta, sai ta juyo ta dube shi.

"Ka duba tarihin sashen kafin ka aika?"

"In duba me?"

"Babana ne ya rubuta shi."

Ba ta taɓa faɗa wa kowa a ofis cewa ita 'yarsa ce ba, gudun kada a ce da sunansa ta samu aiki. Baba kuwa ya yi ritaya, amma kullum safiya sai ya leƙa zauren nan kafin ya karya.

Da yamma ta same shi a falo, ya buga facin a takarda, jan bironsa a hannu.

"Wannan ne yaron da mamanki ke cewa yana son turo manyansa?"

"Shi ne, Baba."

"Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma mai yi wa wanda bai sani ba dariya gaban jama'a, ranar da kika yi kuskure a gidansa fa? Ba zan ba shi ke ba."

Ya zagaye wani layi a cikin facin Dogo, ya ture takardar. Auta ta shige ɗaki ta sha kuka har idanunta suka kumbura.

"Fitilata, in zo in durƙusa masa?" Dogo ya rubuto mata da dare.

"Kar ka zo. Baba ba ya jin ban-haƙurin fatar baki. Gobe mu haɗu a ɗakin gwaji."

Kwana uku suna kallon layin da Baba ya zagaye, lafiyarsa ƙalau. A na huɗu Auta ta miƙe, ta jira daidai lokacin da ake haɗe buƙatu, ta zare faifan. Nan take na'urar ta mutu.

Ashe in aka zare faifai, buƙatar ta riga ta saki riƙonta tun a baya, sai facin Dogo ya sake ragewa. Ƙidaya ta kai sifili da wuri, a share kundi ana tsaka da amfani da shi. Kuskuren Baba ƙwaƙwalwa yake cinyewa a hankali. Na Dogo kuwa ajiyar mutane zai lalata.

"Zan iya gyarawa shiru, in ce sabon zubi ne," Dogo ya faɗa, yana kallonta.

Ta girgiza kai. Ya ja madannai, karon farko da ta ga yana rubutu a hankali, ya aika zauren.

"Facina na farko yana da kuskure da ya fi wanda na gyara muni. Wanda na yi wa ba'a shi ya gano shi, da takarda da biro. A nan na yi rashin kunyar, a nan nake neman afuwa. Ga gyaran."

Ƙa'idar zauren, faci ba ya shiga sai wani ya duba ya sa hannu. Washegari amsa ta fito daga Baba, wanda ya shekara shida bai ce komai ba a can: "Na duba, daidai ne. A shigar."

Auta ta fito falo da waya a hannu, ta tsaya a gaban Baba.

"Me kike tsaye kina kallona?" in ji Baba. "Ki ce wa malamin ƙirgan naki ya turo manyansa ranar Asabar."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun watse, Baba ya kira su su biyu. Ya zaro jan bironsa daga aljihu ya damƙa wa Dogo, wanda ya karɓa hannu biyu yana share ƙwalla.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Duk abin da ɗayanku zai faɗa, ya bari ɗayan ya duba tukuna."

"Amin, Baba," Dogo ya ce da sauri. Sai ya juya ya dubi Auta. "Na faɗa daidai?"

"Na duba," ta ce, tana dariya tana hawaye. "Daidai ne."