Akwatin Kwalaben Hambali

A shekarar 1976, mutanen wani ƙauye tsakanin Sara da Gwaram suna da shanu, suna da gero, amma ba su da ruwa mai kyau. Kududdufi ɗaya suke sha da dabbobinsu, rabin yaransu kuwa suna fitsarin jini.

Nan makarantar koyon aikin lafiya ta turo ɗalibinta Hambali aikin gwaji. Ya tara fitsarin yara a ƙananan kwalabe, yana dubawa yana rubutawa a littafi. Ran Litinin zai miƙa littafin a Kano. In bai miƙa ba, babu satifiket, babu kuma maganin da za a aiko wa ƙauyen. Ran Juma'a, yana masallaci a Sara, aka ɗauke akwatin kwalaben da littafin a ciki.

Sufeto Sada na 'yan sanda ya iso daga Birnin Kudu da hantsin Asabar. Ya duba ɗakin Hambali da ke bayan asibitin sha-ka-tafi. Ga rediyo, ga keke, ba a taɓa su ba. A gindin taga ya tsinci faifai mai ja da baƙi, yana ƙanshin nono.

Ya kira maigadi, Ɗan'azumi.

"Wa ya shigo jiya?"

"Ko kaza ba ta shigo ba, Yallaɓai."

"Ashe kaza na tallan nono?" Sufeto ya ɗaga faifan.

Ɗan'azumi ya sosa ƙeya. "Na Turai ne. Ta dama mini fura, na sha, na ɗan kishingiɗa. Kishingiɗa kawai, wallahi."

Sufeto ya juya ga Hambali. "Me ya haɗa ka da Turai?"

"Babu komai. Ɗanta Umaru yana cikin yaran da na duba."

"Yaya kake bambanta kwalaben?"

"Umaru biyar ne a garin, Yallaɓai. Sai nake tambayar kowane yaro sunan uwarsa, in rubuta: Umaru ɗan Turai, Umaru ɗan Hawwa."

Sufeto ya dube shi. "Ka gaya wa iyayen dalili?"

"Na gaya wa mai gari."

"Iyayen na ce."

Hambali ya sunkuyar da kai.

Sun tarar da Turai tana wanke ƙwarya. Sufeto ya gaishe ta a tsanake, ya tambayi shanu, sannan ya tambayi inda ta yini jiya.

"Ina gida, ranka ya daɗe. Ban fita talla ba."

Ya ajiye faifan a gabanta. "Inna, ban zo da faɗa ba. Na san wanda ke neman sunan mutum da na uwarsa, ya haɗa da wani abu na jikinsa. Ni ma a ƙauye aka haife ni."

Hannunta ya tsaya cikin ruwan.

"'Ya'ya uku na binne," ta ce. "Umaru kaɗai ya rage. Sai baƙo ya zo ya ɗauki fitsarinsa, ya rubuta sunana a jiki, zai kai birni. In boka ne ya yi haka, me za ka kira shi?"

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Littafin na nan, kwalaben duka na nan, an lulluɓe su da zane.

"Me ya hana ki zubar da su?"

"Ban iya boko ba, ban san wacce ce tasa ba. Na ji tsoro in fasa ta ɗan wata, wani abu ya same shi."

Sufeto ya miƙa wa Hambali littafin. "Inna, dole mu je ofis ki ba da bayani, don an shiga ɗakin gwamnati. Zan rubuta yadda kika faɗa, ba ƙari."

Ta yafa mayafi ta bi shi. Wajen mota ta waiwayo.

"Malam, yaron nawa zai warke?"

"Zai warke, Inna. Tsargiya ce, daga ruwan kududdufi take. Tana da magani."

"Da ka faɗa mini."

Motar ta tashi. Hambali ya tsaya riƙe da littafinsa, ya gane cewa ya yi wata uku yana duba 'ya'yan mutane, bai taɓa zama ya yi wa uwa ɗaya bayani ba.