Kitsen Gada a Birkin Keke

Ba a kira assalatu ba Jatau ya buga mini ƙyaure da ƙotar barandami. Na fito ina lalube, na iske shi tsaye da bindigarsa adaka a kafaɗa da tandun albarushi a wuya, gwiwarsa ta hagu ta kumbura suntum. Jatau ɗan gwaggona ne, taubashina, maharbi tun kafin in iya riƙe aska. Ni kuwa sunana Cindo, wanzami ne, a kan keke nake zagaya ƙauyukan da ke kewaye da Dutsen Shirwa ina yi wa mutane aski. Shekara da shekaru yana yi mini dariya, wai namiji ba ya shiga daji a kan ƙarfe mai kuka. To, ran nan shi ne ya zo aron keke.

Karyarsa ce ta ɓata, wadda yake kira Zabuwa saboda dabbare-dabbaren jikinta. Ta bi shi farauta da tsohon ciki, ya kore ta gida, ta laɓaɓo ta biyo shi. Can bayan dutse ta tashi gada ta bi ta, ba ta dawo ba. Ya yi kira har maƙogwaronsa ya bushe, ya hau ya sauka har gwiwa ta ƙi. Daga nan ya yi abin da maharba ke yi: ya tuɓe rigar farautarsa ya shimfiɗa a gindin wata kanya inda ya yi mata ganin ƙarshe, don kare in ya ɓata yakan dawo ya kwanta a kan warin ubangidansa. Ita kaɗai ta rage a zuriyar karnukan mahaifinsa, sauran ciwo ya kwashe su bara. In ta tafi, farautar gidansu ta tafi ke nan, ga shi kuma akwai damisa a dutsen.

Ni ba na shiri da kare ko kaɗan, ko inuwarsa ba na so ta taɓa tabarmata. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na dubi idonsa na fasa. Na fito masa da tsohon kekena, na hau sabon, na rataya zabirata ta kayan aski don ba na fita ba ita. Muka kama hanyar gabas, wadda ke hawa a hankali ta zagaya bayan dutse.

Kaka ce, ciyawa ta fi mutum tsawo, raɓa ta jiƙa mu sharkaf kafin gari ya waye. Jatau yana tuƙi da ƙafa ɗaya da rabi, keke na rangaji, bakin adaka na dukan ƙeyarsa. Da hawa ya yi tsanani muka sauka muna turawa, duwatsu na zamewa ƙarƙashin takalmanmu, gumi na shiga mini ido. Gajimare ya sauko ya rufe kan dutsen. Ƙasa can muna hango gonakin dawa da hayaƙin rugage, kusa da mu kuma fakara na tashi fir daga cikin gamba. Duk inda hanya ta ɗan gangara, birkina sai ya yi ƙara ƙiii, Jatau ya waiwayo ya harare ni kamar ni na ƙera shi.

A wani rafi muka tsaya. Na gangara in yi alwala, shi kuma ya zauna gindin kekuna ya zaro ɗan ƙoƙon kitsen gada da yake shafa wa kunamar bindigarsa. Da na dawo muka ci gaba, sai na ji tsit, babu kukan sarƙa, babu kukan feda. Har na yaba masa, na ce ashe maharba ma suna da rana. Ya ce duk inda ke ƙara ya shafa. Ban tambaye shi ina da ina ba, kuma daga nan hawa ne zalla, hannuna bai sake zuwa birki ba.

A tsallaken rafin ya tsaya cak, ya durƙusa da ƙyar. Sawun damisa ne a cikin laka, zagaye, faɗinsa ya kai tafin hannuna, babu alamar farce. Ruwa bai gama taruwa a cikinsa ba. Jatau ya ɗura albarushi, ya danna da sandar ɗuri, ya ce mini a hankali kada in ƙara tari. Gaskiya na yi da-na-sanin buɗe ƙyaure.

Rana ta take tsaka muka isa kanyar. Babu riga. Jatau ya tsaya yana kallon wurin, kafaɗunsa suka sauka, ni ma tausayinsa ya kama ni. Can sai na ga ya sunkuya yana bin wani abu da ido. Ciyawa ta kwanta ta gefe ɗaya, an ja wani abu a kanta, ga laya guda ta tsinke a kan ƙaya, ga kuma ƙananan sawu masu farce suna tafiya da baya. Muka jingina kekuna muka bi jan nan har bakin wani tsagin dutse da mutum ba ya shiga sai da rarrafe. Jatau ya yi fito sau ɗaya. Daga cikin duhu aka amsa da ɗan kuka siriri. Muka rarrafa muka leƙa.

Ashe ta dawo ta iske rigar, ta ja ta da haƙori har cikin kogon, a kanta ta haihu. Ta rame ƙwarai, ga yagar farce a cinyarta ta bushe da jini, amma wutsiya na bugun ƙasa. Ƙwiyakwiyi huɗu ne, idonsu a rufe, suna mutsu-mutsu cikin layun rigar. Jatau ya kifa goshinsa a kan nata.

Birai ne suka fara gaya mana. Suna ta hayaniya a kan dutse sai suka ɗauke wuta gaba ɗaya, sa'an nan babbansu ya yi haushi mai kauri. Zabuwa ta yi gurnani, gashin bayanta ya miƙe. Muka ɗaga kai, ga damisa kwance a kan wani falalen dutse sama da hanyar da muka biyo, ta ɗora haɓa a kan ƙafafu, bakin wutsiyarta kaɗai ke motsi. Adaka harbi ɗaya take yi, kuma nisan ya fi ƙarfinta. Jatau ya ce in ya harba ya kuskure, kafin ya sake ɗuri an gama da mu. Hanyar gabas ta rufe. Saura ta yamma, Gangaren Makafi, wanda ni da nake bin dutsen nan kullum ban taɓa sauka a kan keke ba, turawa nake yi ina salati.

Jatau ya kwance rawaninsa ya goya karyar a baya, ya rataya adaka a ƙirji. Ya dubi ƙwiyakwiyin, ya dubi hannuwansa, babu inda zai sa su. Bai roƙe ni ba, ya san ni. Ni da kaina na sauke zabirata, na zazzage asake da ƙahonin tsaga a kan dutse, na cusa rigar a ciki, na ɗauko 'yan abubuwan nan masu ɗumi ɗaya bayan ɗaya na jera su.

"Ɗan kawu," in ji shi, "zabirarka ce fa."

Na ce, "Hau keke, bawana, kafin in canza shawara."

Da muka ɗauko kekuna muka juya baya, damisar ta miƙe. Na ji tsakuwa na gangarowa, Jatau ya waiwaya ya saki adaka sama. Ƙarar ta daki dutse ta dawo, hayaƙi ya turnuƙe, muka faɗa gangaren. Na kama birki don in rage gudu, sai na ji hannun ya shige lumus, keke ya ƙara mai. Na sake matsawa, babu. A nan na gane ina da ina Jatau ya shafa kitsen gada.

Iska ta cika mini baki, hula ta tafi. Hanyar 'yar siririya ce, dutse a dama, rami a hagu, saiwoyi na jefa ni sama ina dawowa kan sirdi. Gabana Jatau ya baza ƙafafu biyu, Zabuwa ta leƙo ta kafaɗarsa kunnuwanta na kaɗawa. Na danna zabira a cikina da gwiwar hannu, na cusa takalmina tsakanin tayar baya da ƙarfe har na ji warin roba na ƙonewa. Ya rage gudun kaɗan, daidai yadda na sha kwanar ƙarshe ban tafi rami ba. Ƙasan gangaren fadama ce ta shinkafa. Jatau ya shige ta da keke da bindiga da karya, laka ta tashi sama. Ni kuwa na zaɓi in faɗi ta baya, na ɗaga zabira sama da hannu biyu.

Na daɗe a kwance ina kallon sama, ina lissafin gaɓoɓina. Damisa ba ta biyo mu ba. Jatau ya rarrafo cikin laka, karya na bin sa tana ɗingishi. Na tanadi zagi iri-iri tun daga kan dutse, amma da na ga ya kai hannu bakin zabira sai na haɗiye. Ya buɗe. Shiru. Zabuwa ta cusa hanci ta lashi na sama, ya yi ƙara, sauran suka ɗauka. Na can ƙasa ne bai motsa ba sai da Jatau ya hura masa iska a hanci, sa'an nan ya yi atishawa. Tsohon maharbin nan ya zauna dirshan cikin shinkafar mutane yana hawaye yana dariya, ni ma ban san lokacin da na taya shi ba.

Da la'asar sakaliya muka shigo gari ta yamma, mu da muka fita ta gabas, muna ture da kekuna. Asakena suna can kan dutse har yau, maƙeri ya yi mini wasu. Zabirar kuwa ba ta sake ɗaukar aska ba, tana rataye a ɗakin Jatau. Da ƙwiyakwiyin suka yi wayo ya raba su da uwarsu ya fara koya musu daji, sai na can ƙasan zabirar nan ya ƙi bin kowa. Kullum da asuba in na fito da keke zan iske shi a ƙofar gida. Ban taɓa barinsa ya hau tabarmata ba, kuma ba zan bari ba. Amma shi ke gaba duk zagayen da nake yi, in mun iso Gangaren Makafi sai ya tsaya ya zauna, ya jira in sauka in tura.