Wasan Da Abah Ya Karanta

Ruwan la'asar na garin Taiping ya sauko kamar yadda ya saba, yana dukan kwanon rufin kicin. Syafinaz ta baje takardun ɗalibanta a kan teburin cin abinci, jan biro a hannu, Mak, mahaifiyarta, kuwa tana gefe tana dakan barkono da busasshen kifi. Syafinaz malamar Turanci ce a sakandare, kuma a wannan zangon 'yan ajinta sun karanta wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila, labarin saurayi da budurwa daga gidaje biyu masu gaba da juna, waɗanda suka yi aure a ɓoye, suka ƙare a kabari ɗaya. Ita ce ta ce kowa ya rubuto ra'ayinsa.

"Mak, don Allah ji wannan!" ta ce tana dariya. "Wai, 'Ticha, da suna da waya da babu wanda zai mutu. Tes ɗaya ya isa.'"

"Wannan ai ya fi marubucin hankali," in ji Mak.

"Ga wata kuma: 'Sun haɗu farkon mako, kafin ƙarshensa sun mutu. Ticha, ni ko takalmi ba na zaɓa da wannan saurin.' Ita kuma wannan cewa ta yi—" Ta so ta haɗiye sauran, amma bakinta ya riga ta. "—wai laifin iyayen ne, su suka kashe 'ya'yansu."

Daga falo aka ji an ajiye jarida. Abah, mahaifinta Mokhtar, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya tsaya a ƙofar kicin fuska a ɗaure.

"Abin da kuke koya wa 'ya'yan mutane ke nan?"

"Ra'ayinta ne kawai, Abah."

"To ga nawa ra'ayin. Yarinyar da ta tsallake maganar ubanta, duk abin da ya same ta ita ta ja wa kanta. Kuma kada ki ɗauka ban san inda kika dosa ba. Muddin ina numfashi, ɗan gidan Baharom ba zai taka tabarmata ba!"

Mak ta daina daka. Syafinaz ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan takardar yarinyar har jan tawadar ya yaɗu.

Shekara shida ke nan da yayanta Hazwan ya hau bayan babur ɗin abokinsa Zamri, babban ɗan Baharom. Zamri ya yi gudun ganganci a kan jiƙaƙƙen titi, suka yi hatsari. Shi ya tashi da ƙafa ɗaya a shanye, Hazwan kuwa ko asibiti bai kai ba. Tun daga ranar Abah ya sauya masallaci, don kada kafaɗarsa ta taɓa ta Baharom a sahu. Sai ga shi zuciyar 'yarsa ta rasa wanda za ta so sai Ridzuan, ƙanen Zamri, injiniyan lantarki da aka taɓa turowa gyara a makarantarsu. Sau biyu danginsa suna aiko manya, sau biyu Abah yana barin su tsaye a bakin ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi Syafinaz ta haɗu da Ridzuan a bakin tafki, ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan da rassansu ke shan ruwa. Littafin wasan na hannunsa, wanda ta ara masa.

"Na gama," ya ce. "Kin san me na gani? Yaran nan biyu sun fi mu zuciya."

"Zuciya?"

"Ƙwarai. Ba su tsaya jiran kowa ba. Finaz, an yi mini tiransifa zuwa jihar Sabah, can ƙetaren teku, ƙarshen wata zan tafi. Ki ɗauko fasfonki. Awa huɗu a mota mun haye boda mun shiga Thailand, can ana ɗaura aure ko uba bai zo ba. Abokina ya yi, yanzu 'ya'yansa biyu."

Ta girgiza kai.

"Anya ka karanta har ƙarshe kuwa?"

"Har ƙarshe mana!"

"To ni abin da na gani daban ne. Duk cikin wasan nan babu wanda ya zauna ya yi numfashi. Kowa gudu yake, kowa gani yake gobe ba za ta zo ba. Ridzuan, Abah ya binne ɗa ɗaya. So kake ya binne ni da raina?"

"Ni me na yi masa? Ni na tuƙa babur ɗin? Shekara biyu ina sunkuyar da kai kamar ɓarawo! Kawai ki ce ba kya sona, mu huta."

"Haba Ridzuan! Wallahi ina sonka, son da har abinci yake hana ni ci. Amma ba zan shiga gidanka ta taga ba. In za ka iya jira, ka jira. In ba za ka iya ba..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ajiye littafin a kan benci, ya tafi ko waiwaye babu. Ranar da jirginsa ya tashi, layi ɗaya ya turo mata: na tafi.

Wata biyar suka wuce. Syafinaz tana zuwa makaranta, tana dawowa, tana gaida Abah da ladabi kamar kullum. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sai dai rigunanta sun fara yi mata yawa, shinkafar da Mak ke zuba mata kuma a faranti take kwana. Wata safiya bayan ta fita, Mak ta dire kofin shayi a gaban mijinta har ya fantsama.

"Wai kai kana kallon 'yarka kuwa?"

"Me ya same ta?"

"Me ya same ta! Yaron nan ya ce ta bi shi Thailand su ɗaura aure, ta ƙi. Saboda kai ta ƙi! Ta ce ba za ta bari ka binne ɗa na biyu ba. Ni ma fa na haifi Hazwan, Mokhtar. Ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba!"

Abah ya tsura wa kofin ido. Shayin ya huce a gabansa. Can ya tambaya da wata ƙaramar murya, "Ita yarinyar cikin wasan nan... yaya ta ƙare?"

"Je ka karanta, ai ka iya karatu."

Ya kuwa je ɗakin karatu na gari ya aro fassarar wasan. Kwana uku yana baranda, tabarau a kan hanci. A rana ta uku ya kira 'yarsa.

"Na karanta abin naku. Surutu ya yi yawa, mutum ba zai ce ina kwana ba sai ya yi layi goma. Shi kuma ɗan aiken cikin wasan da aka ba wasiƙa bai kai ba, da a ƙarƙashina yake aiki, a ranar zan sallame shi."

Ta yi ɗan murmushi, na farko cikin watanni.

"Amma tsofaffin nan biyu, iyayen yaran," ya ci gaba, "na duba daga bango zuwa bango ban ga abin da ya haɗa su faɗa ba. Ni kuwa dalilina yana da suna, Finaz. Yana da kabari."

"Na sani, Abah."

"To shi ya sa ba zan iya ba. Ki yafe mini, ba zan iya ba."

Ta durƙusa ta sumbaci hannunsa, ta tashi da sauri don kada ya ga fuskarta.

Sai dai shafin ƙarshe ya hana shi sakat, inda tsofaffin suka gaisa a kan gawarwakin 'ya'yansu. Ranar Juma'a da sassafe, lokacin da bai saba zuwa ba, ya nufi maƙabarta. Tun daga nesa ya hango mutum durƙushe a kabarin Hazwan, sandar guragu a gefensa, yana cire ciyawa da hannu, yana yayyafa ruwan wardi. Duk shekarun nan Abah ya ɗauka mai gadin wurin ne ke share kabarin.

"Zamri?"

Zamri ya zabura, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya koma ƙasa.

"Tun yaushe kake zuwa nan?"

"Kowace Juma'a, Kawu. Tun da na fito daga asibiti." Hawaye ya wanke masa fuska. "Ka dake ni, ka tsine mini, duk na cancanta. Ni na kashe shi. Amma ƙanena bai yi komai ba, 'yarka ma ba ta yi komai ba. In jini kake nema, ga nawa!"

Abah ya tsaya yana kallon furfurar da ta fito wa yaron da bai kai talatin da biyar ba. Ya tuna yadda Zamri da Hazwan suke cin abinci a faranti ɗaya a kicin ɗinsa, Mak na korar su da ludayi. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, suka yi ta kuka su biyu, babu mai rarrashin wani.

"Tashi," ya ce daga baya, ya miƙa masa sandar. "Ka gaya wa babanka ya bar mini wuri kusa da shi a sahu yau."

Da labarin sulhun ya kai masa, Ridzuan ya sauka da jirgin farko da ya samu. A baranda ya tsaya, ya kasa haɗa ido da Syafinaz.

"Sori, Finaz. Na yi wauta."

"Ka yi kam," ta ce, tana kuka tana dariya. "Shigo, ƙofa a buɗe take."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren a falon gidan. Abah da kansa ya riƙe hannun ango ya ba shi 'yarsa, Baharom na zaune a damansa, Zamri kuwa shi ya yi ta rarraba wa baƙi shinkafa yana ɗingishi.

Da Syafinaz ta haye iyaka a wancan watan, da ta sami miji ta rasa uba, kuma da gabar gidajen nan biyu ta sami sabon dalili. Ta zaɓi ta sha wuya da mutuncinta, ba ta saki masoyinta ba, ba ta kuma taka zuciyar mahaifinta ba, sai Allah Ya haɗa mata duka biyun. 'Yan mata da samari, so ba ya lalacewa don an jira shi. Ku kuma iyaye, komai zafin abin da aka yi muku, kada ku ɗora hukuncinsa a kan wanda bai aikata ba.