Kular Nono Daga Bakin Iyaka

Ko mayafi Hafiza ba ta cire ba ta miƙa hannu. "Zo nan Rahmata, zo wurin Mama!"

Jaririyar ta dube ta sau ɗaya, ta juya ta cusa fuska a wuyan Zuhura. Wata huɗu kacal a duniya, wai har ta iya zaɓe!

Zuhura, matar wan mijin Hafiza, ta yi dariyar nan tata mai ƙona rai. "Ayya faccala, kada ki ji haushi. Da ni take wuni, ni ta sani."

Hafiza ta karɓi 'yarta ta shige ɗaki. Ƙirjinta ya cika har yana zogi, amma da ta sa wa Rahma nono sai yarinyar ta kau da kai. Yau kwana tara ke nan ana haka. Hawaye suka zubo mata, kuma ba na ciwo ba ne, na kishi ne tsagwaronsa.

Nas ce Hafiza a wani ƙaramin asibiti da ke bakin iyakar Benin, tafiyar rabin awa a babur daga gidansu na Illo. Da hutun haihuwarta ya ƙare ana fama da ƙyanda a ƙauyukan wajen, marasa lafiya na tsallakowa har daga can ƙetare, shi ya sa ta ƙi zuwa da Rahma. Kullum kafin azahar sai ta kulle kanta a ɗakin ajiyar kaya, ta zauna kan kwali, ta tatsi nono da ɗan famfon hannu, idonta a kan hoton Rahma a waya don ruwan ya sauko. Ta cika kwalba biyu ta jera a kula da ƙanƙara. Mijinta Badamasi kuwa ya rufe shagonsa na kayan babur, ya bugo rana ya zo ya ɗauka, ya miƙa wa Zuhura a bakin zaure.

Abokansa har suna suka sa masa, wai Direban Nono. Shi ko a jikinsa. In ya zo karɓa sai ya sara mata kamar soja ya ce, "Hajiya, lodi ya cika?" Ita kuma ta harare shi tana murmushi.

To, wannan saran ne yanzu ya fara yin wuya.

Bayan la'asar Inna Asibi, uwar mijin, ta kira su tsakar gida. Zuhura na gefe tana ba ɗanta Mansur nono, kunnenta a buɗe.

"Badamasi, mi kake so in gani kafin ka ji magana?" in ji Inna. "Zuhura ta ce ɗiyar nan ba ta shan abin kwalbar nan, da ƙyar take ɗura mata cokali biyu. Nonon da ya bar jikin uwa, ya sha rana a kan mashin, ina amfaninshi? Ga shi yanzu har uwar ta ƙi. Matar Mansur ce fa za ku kashe mani da yunwa!"

Tun ranar suna Inna ke kiran Rahma matar Mansur. Burinta ke nan a duniya, jikokinta biyu su girma, in Allah ya haɗa jininsu, zumunci ya ƙara ƙulluwa. Zuhura ma da "surukata" take yi wa yarinyar rawa.

"Inna, nonon lafiya lau yake, akwai ƙanƙara—"

"Ba da ke nake ba, malamar asibiti. Ko aiki ko ɗiya. Na ba ku kwana uku."

A ɗaki Badamasi ya zauna bakin gado yana murza hula. "Hafiza, ki duba lamarin nan. Ba don Zuhura ba da yaya za mu yi? Wallahi matar nan tana ƙoƙari, Allah ya ba ta hannun reno."

"Zuhura! Zuhura! To ka kai mata kular ta cika maka mana!" in ji Hafiza. "Ni nake zama kan kwali ina matsar jikina har fata ta yi ja, amma ita ce mai ƙoƙari? 'Yata ta fi son ta, yanzu kai ma ka bi layi?"

"Subhanallahi! Matar yayana ce fa."

"Sori," ta ce a hankali, ta share ido. "Kishi nake ji, Badamasi, ba zan ɓoye maka ba. Kamar an zare min yarinyar daga ƙirji."

Ya kama hannunta. Ba ya iya ja da mahaifiyarsa, kuma ba ya iya kallon matarsa tana kuka. Ita ce ta sauƙaƙa masa. Ta ce ba za ta haɗa shi faɗa da Inna ba, za ta ajiye aikin, duk da shekara uku da ta kwashe tana karatunsa.

A rana ta uku ta shiga ɗakin ajiyar kaya da takardar ajiye aiki a aljihu. Tana tatsa tana kuka, har abokiyar aikinta, Halima Sa'adiya, ta ƙwanƙwasa. Da ta ji labari sai ta riƙe haɓa.

"Tsaya tukuna. Yaushe kika auna ta?"

"Ran Asabar. Ta ƙara nauyi."

"Fitsari fa?"

"Tsummokara har ba sa isa."

"Haba Hafiza, kamar ba nas ba! Yarinyar da ke wuni a kan cokali biyu ce za ta ƙara nauyi? Ba ƙin ki take ba, a ƙoshe kike samun ta. Wani yana ba ta wani abu."

Hafiza ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kishi ya rufe mata ido har ta mance abin da take koya wa mata kullum.

Da Badamasi ya zo, ta nemi izinin awa biyu ta haye bayansa. "Ka miƙa kular yadda ka saba," ta ce, "ni zan tsaya a zaure."

Haka aka yi. Zuhura ta karɓa tana "sannu da rana, ƙanina," ta juya. Suka ɗan jinkirta, sannan suka shiga babu sallama. Inna na barcin rana a rumfa. Can bayan rumbu suka same ta a tsugune, Rahma na manne a ƙirjinta tana tsotsa, hannunta ɗaya kuma na tuntsurar da kwalba a makwarara. Farin nonon yana bin ƙasa, kaji na tsattsaga.

"Zuhura!" Ihun Badamasi ne ya tada Inna.

Hafiza ba ta yi ihu ba. Nonon kawai take kallo, wanda ta tatsa ɗazu da hawaye.

Inna ta iso tana gyara ɗaurin zane. Ta dubi makwarara, ta dubi bakin jaririyar, sai ta dafe rumbu. "Tun yaushe?"

"Kwana... kwana goma sha biyu, Inna."

"Mi Hafiza ta yi maki?"

Zuhura ta fashe da kuka. "Ba ta yi mani komai ba! Shekara shida ina gidan nan, mijina Maliki bai taɓa ɗauko mani ko ruwan sanyi ba. In ya tsallaka Benin da kaya sai ya yi sati biyu ko waya babu. Ita kuwa kullum miji ya rufe shago, ya bugo rana saboda nononta, har da sara mata! Na ce bari ta zauna gida kamar kowa, mu zama ɗaya. Na ɗauka ba mai sani."

"Allah fa?" in ji Inna. "Ke da kike ce mata surukarki! Nonon da Mansur ke sha kika ba ta, Zuhura. Kin mai da su wa da ƙanwa. Babu aure tsakaninsu har abada, kuma da hannunki kika yanke."

Zuhura ta zaro ido, ta ɗora hannu a ka. Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mata. Tana can tana ƙulla yadda za ta raba Hafiza da aiki, ba ta ga abin da take kwancewa a ɗakinta ba.

Badamasi ya ce yau sai Zuhura ta bar gidan. Hafiza ce ta tare shi. Ta sunkuya ta karɓi 'yarta, ta goge mata baki da gefen mayafi.

"Ina za ka kore ta? Ko ta tafi, uwar Rahma ce ta shayarwa, ba mai goge wannan. Na ji zafin da take ji, ni ma kwana goma sha biyu ina jin irinsa. Na yafe."

Inna Asibi ta ɗauki kwalbar da ta rage a kula, ta jujjuya ta, ta ji sanyinta a tafin hannu. "Ɗiyata, na zalunce ki. Ki koma aikinki. Daga gobe ni zan riƙa ba ta, ki nuna mani yadda ake ɗumamawa."

Da yammar nan Rahma ta kama nonon uwarta ta sha har ta yi barci. Badamasi ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙame, ya sara. Hafiza ta zaro takardar daga aljihu ta miƙa masa, ya yayyaga.

'Yan'uwana mata, kishi ba ya tsayawa kan wadda aka nufa, ta ɗakin mai yin sa yake fara ɓarna. Hafiza ta yi haƙuri, ta tsira da aikinta da mijinta da 'yarta. Zuhura kuwa har yau tana gidan, kuma duk sanda Inna ta ce, "Mansur, zo ka ga ƙanwarka," sai ta tashi ta shige ɗaki.