Takalman Yaya Tatsuro

"Kai ka aika musu."

Ba tambayarsa na yi ba, faɗa masa na yi. Shuhei yana tsugune a ƙofar shagon babansa yana ɗaura wa wani keke sarƙa, hannunsa duk baƙin mai. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ni ne."

"Cewa na yi ka karanta ka ƙona. Haka na ce ko ba haka na ce ba?"

"Haka kika ce."

"To?"

"To ban ƙona ba, Kanae."

Ji na yi kamar in ɗauki keken in rafka masa. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, shi kuma ya iya wannan sanyin da ke ƙara tunzura mutum.

A ranar ne Malam Hirose ya kira ni ofis yana ta washe baki. Wai ni na zo ta ɗaya a gasar rubutu ta 'yan ajin ƙarshe na sakandare a duk jiharmu, kuma za a ɗauki nauyin karatuna na jami'a har shekara huɗu. Gasar da ban san na shiga ba. Sai ya miƙo mini takarda mai sharaɗi biyu. Za a buga rubutun a jarida. Sannan wanda na yi rubutun a kansa sai ya buga hatiminsa cewa ya amince, a jefa takardar a akwatin gidan waya kada ta wuce ranar Juma'a.

A kan yayana na yi rubutun.

Duk garinmu an san Yaya Tatsuro yana birnin Osaka, yana aiki a kamfanin gilashi. Gaskiyar ita ce yana saman benenmu. Shekara shida ke nan, tun ranar da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu, ya hau sama ya ja ƙofa. Baba ya rasu bai sauko ba. A bakin ƙofa muke ajiye masa abinci, mu dawo mu ɗauki kwanuka. Ba ya fitowa ko banɗaki sai ya tabbatar babu kowa a hanya.

Mama kuwa ta riƙe maganar Osaka da hannu biyu. A cikin ɗaki take shanya kayansa. Duk sabuwar shekara sai ta sayo alewar Osaka ta gidan waya, ta rarraba wa maƙwabta wai tsarabar Tatsuro ce. Takalmansa ta sa a kwali ta ɗora can saman kabad, don duk wanda ya leƙo zaurenmu takalma zai fara gani, ya san mutum nawa ne a gidan.

"Ka san abin da ka jawo mana?" na ce wa Shuhei. "Kai kaɗai na faɗa wa a duniyar nan. Kai kaɗai..."

Sai a lokacin ya miƙe, yana goge hannu da tsumma.

"Kina tsammanin daɗi na ji? In kika tafi birni shekara huɗu, ni ina nan ina liƙe tayoyi. Wa ya yi asara? Sau uku ina zuwa gaban akwatin gidan waya ina dawowa da rubutun."

"Da ka dawo na huɗu."

"Kana..." Shi kaɗai ke yanke sunana haka. "Ina sonki, kin sani. Shi ya sa ba zan iya zuba ido ki tsufa kina hawa da tire kina saukowa da tire ba. Gidan nan ya riga ya ci mutum ɗaya."

"Kar ka ƙara kiran sunana," na ce, na juya na tafi. Ina sonsa a lokacin kamar raina, kuma na tsane shi.

A bakin layinmu na haɗu da Iya Obara, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu. Ta daɗe tana ba ni tsoro. Ita ce ta taɓa ce wa Mama, "Ku biyu rak, amma shinkafarku akwai saurin ƙarewa."

"'Yar nan, an ce kin ci gasa," ta ce. "A kan me kika rubuta?"

"A kan teku."

"Teku," ta maimaita, ta ɗaga kai ta dubi tagar sama, wadda labulenta bai taɓa motsi ba. "To madalla."

Na so in ɓoye wa Mama, amma Malam Hirose ya riga ni, ya buga waya yana taya ta murna. Na tarar da ita a durƙushe gaban hoton Baba, ko rigar aikinta ta wurin tantance lemo ba ta cire ba.

"Ba ni in gani."

Na ba ta kwafin da malam ya ba ni. Ta karanta shafi biyar ɗin. Da ta gama ta ninke shi sosai.

"Har maganar takalman kika sa."

"Mama, ba don kowa na rubuta ba..."

"Yi ƙasa da murya." Ta nuna silin da ido. Gidanmu na katako ne, ko cokali ya faɗi a ƙasa ana ji a sama. "Kin tuna ɗan gidan Kuwabara?"

Na tuna. Shi ma ya daɗe a ɗaki, har maganarsa ta fita gari. Masunta ne suka tsamo shi a bayan katangar tashar jiragen ruwa.

"Mutane za su ce don kunyata nake ɓoye shi, ko? Ke ma haka kika rubuta." Idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. "Ƙila da gaskiyarki. Amma ni abu ɗaya na sani: muddin yana sama, yana numfashi. Ki zaɓa, Kanae. Ba zan hana ki ba. Sai dai in wani abu ya same shi, ki san da hannunki."

Na ɗauki takardar sharaɗin da kwafin rubutun, na cusa su cikin kwandon shara a gabanta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ina son karatun nan fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa.

Ranar Talata ke nan.

Ranar Laraba na hau ɗauko tire, na tarar da shi yadda na ajiye. Miyar ta huce, kifin ko taɓa shi ba a yi ba. Ranar Alhamis ma haka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun. Shekara shida muna jin takunsa a sama, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har mun daina lura. Yanzu ya tsaya cak.

Mama ta hau ta durƙusa a bakin ƙofar.

"Tatsuro... ko ƙwanƙwasawa ka yi mini sau ɗaya."

Shiru.

Ta sauko tana dafa bango. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Shuhei ya yi ta aiko saƙo a waya, ban buɗe ko ɗaya ba.

Juma'a ranar fitar da shara ce a unguwarmu. Da sassafe na je ɗaure ledar kwandon, sai na ga babu takardun a ciki. Na zazzage komai a ƙasa, ɓawon lemo, ganyen shayi, babu su.

Na haura bene da gudu. Ƙofar a buɗe take.

Ban taɓa ganin cikin ɗakin ba tun ina 'yar shekara goma sha biyu. An naɗe shimfiɗa tsaf, an jera littattafai, an share ƙasa. Irin gyaran da mutum ke yi in ba shi da niyyar dawowa.

"Mama!"

Tana zaure, tsaye a gaban kabad, kwalin takalman a hannunta. Babu komai a ciki.

Ban san lokacin da na fita ba. Na nufi hanyar tashar jiragen ruwa, ina gudu. A kwanar farko na kusa karo da keken Shuhei. Ashe kullum da safe yana zuwa ya tsaya nan ko zan fito.

"Yaya ya fita," na ce. "Ya ji komai. Ni na kashe shi, Shuhei, ni da kai..."

Ya yar da keken ya riƙe kafaɗuna.

"Tsaya. Da wane takalmi ya fita?"

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Na cikin kwalin?"

Na gyaɗa kai. Ya sunkuya ya tsinci wani abu baƙi a kan kwalta, ya murza shi a yatsa ya zama gari.

"Robar ƙasan takalmi ce. In ta shekara da shekaru a ajiye haka take ruɓewa. Duba."

Na duba. Ga su nan birjik, ɓarɓashi baƙaƙe, tun daga ƙofar gidanmu, sun miƙe sun bi gangaren da ke sauka teku.

Muka bi su. Shuhei ya kama hannuna, ban ƙwace ba. Ina jin ƙarar ruwa yana dukan katanga, kowane taku tana ƙaruwa. A ƙasan gangaren hanya ta rabu biyu, dama ta tafi katangar, hagu ta shiga kasuwa. Na rufe ido, na kasa dubawa.

"Hagu," in ji Shuhei a hankali. "Kana, hagu ya yi."

Yana tsaye a gaban jan akwatin gidan waya. Gashi har kafaɗa, fata fara fat kamar takarda, rigar makarantarsa ta dā ta yi masa yawa. Ya riƙe akwatin da hannu biyu. Takalman sun rabu da ƙasansu, yatsunsa a waje. Ga matan unguwa sun fito zubar da shara, sun yi cirko-cirko da ledoji a hannu, kowa ta zuba masa ido.

Na matsa kusa. "Yaya..."

Bai juyo ba. Da ya yi magana, muryar a dishe ta fito, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Na jefa. Na buga hatimin. Kwana biyu ina shirin sauka daga benen nan. Yanzu kuma na kasa komawa."

"Me ya sa, Yaya? Na haƙura fa. Na riga na haƙura."

"Na ji. Shi ya sa. A shafi na huɗu kin ce kin manta muryata. To ga ta. Ba daɗi, amma ga ta."

Nan na fashe da kuka a tsakiyar titi, ban damu da kowa ba.

Iya Obara ce ta fara matsowa. Na ce a raina shi ke nan, ta samu abin da take nema. Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, Tatsuro ne? Saukar yaushe daga Osaka? Ka sha hanya, ɗan nan."

Na dube ta, ta kawar da kai. Ashe ta daɗe da sani. Ƙofa ce ta buɗe mana, in muna so mu bi.

"Bai je Osaka ba."

Mama ce. Ta biyo mu da silifas ɗin cikin gida, har yanzu kwalin na hannunta. Fuskarta ta yi jawur, amma ta tsaya a gaban matan nan ta rusuna.

"Bai taɓa zuwa ba. Yana gida, shekara shida. Alewar ma ni nake saya. Ku yafe mini." Ta juya ta ɗora hannu a bayansa. "Ɗana ne. Zo mu tafi, ka ji? A hankali."

Shuhei ya cire takalmansa ya ajiye a gaban Yaya. Yaya ya daɗe yana kallonsu kafin ya saki akwatin ya zura ƙafa.

Muka hau gangaren, su biyu a gaba, mu a baya. Shuhei yana tafe da safa a kan kwalta mai sanyi.

"Yanzu kam za ki tafi," ya ce.

"Zan tafi."

"To."

"To kawai? Kai ka jawo, ai sai ka jira ni. Ko kwana ɗaya ka fasa, sai na rubuta a kanka an buga a jarida."

Ya yi dariya, idonsa jawur. "Zan jira, Kana."

A zaure Yaya ya cire takalman ya shige. Mama ta durƙusa ta juya su suna kallon waje, ta jera su kusa da nata da nawa. Ta dubi Shuhei da ke tsaye a waje da jiƙaƙƙiyar safa.

"Shigo ka karya, ɗana. Amma takalman nan ka bar mini su zuwa gobe."

Na kai hannu zan ja ƙofar gida kamar kullum, sai ta riƙe ni.

"Bar ta a buɗe," ta ce. "Duk mai wucewa ya ƙirga."