Ajin da Ya Daina Tambaya

Na'urar Ajin Gwaji ta yi ƙara sau ɗaya, sai yara talatin suka bayyana a kan kujeru. Ba yaran gaske ba ne, da haske aka gina su, amma suna tari, suna mutsu-mutsu, suna ɗaga hannu. Da su ake horar da masu shirin koyar da kimiyya a Kwalejin Malamai ta Birnin Gwauron Dutse. Na'urar tana karanta fuskar malami, tana gyara halin yaran daidai da abin da ta gani.

Dakta Barira Mailafiya, wadda ta ƙera ta, tana zaune a baya tana kallon ɗalibinta Ilu yana koyar da tafasar ruwa. Ya gama ba wanda ya ɗaga hannu. Allon na'urar ya ba shi ɗari bisa ɗari. Jikinta ya ba ta akwai matsala, domin rabon da ta ji tambaya a ajin nan har ta manta.

Ta miƙe ta karɓi ajin.

"Yara, ƙanƙara ta fi wuta zafi."

"Mun gane, Malama!" suka amsa baki ɗaya.

Kwana biyu tana tonon ƙwaƙwalwar na'urar kafin ta gano. Duk sanda yaro ya yi tambaya mai wuya, malami yakan ɗaure fuska, na'urar kuma ta ɗauki wannan a matsayin kuskurenta. A hankali ta koya wa yaran yin shiru.

Ta sami shugaban kwalejin, Farfesa Ɗanlami.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga yaye ɗaliban nan. Ba su taɓa fuskantar yaro ba."

"Haba Dakta! Saura mako guda, kuma sun ci jarrabawa."

"Na'ura ce ta ci musu. Ni ba zan sa hannu ba."

Washegari ta kwashe ɗaliban a jirgin sama-da-titi, motar da ke iya tashi sama, zuwa wata firamare a gefen gari. Ilu bai kai minti uku yana koyarwa ba wata yarinya, Tasalla, ta katse shi.

"Malam, me ya sa randar kakata take sanyaya ruwa, alhali ba ta da lantarki?"

Ilu ya haɗe rai, yarinyar ta sauke hannu a tsorace. Ya hango Dakta Barira tana girgiza kai. Sai ya saki fuska.

"Ban sani ba, Tasalla. Gobe a kawo randa mu bincika tare."

Hannuwa tara suka tashi lokaci guda.

An ɗaga yayen da wata uku. Amma malamai dubu biyu sun riga sun fita daga hannun na'urar, suna can a ajujuwan da Dakta Barira ba ta san adadin yaran da suka yi shiru a cikinsu ba. Ita ta gina abin, don a huta da wahalar yara. Ta buɗe jerin sunayen malaman, ta kira na farko.